Kwalin Takalmin Kaka Idella

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya, shi ma a lungu. Akwai waɗanda suka fi ni sanin Kaka Idella, suka kuma fi ni iya jera magana, su ya kamata su rubuta wannan. Tun da muka binne ta nake jiran su, ba wanda ya ɗauki alƙalami. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ku tsallake ku ci gaba, ba sai kun gaya mini ba.

Sunana Zenobia, a gida Nobie. Cocinmu a Alabama ta Amurka yana kan titin da aka sa wa sunan mai jawabin mafarkin nan, jagoran neman 'yancin baƙar fata, don haka ba sai na faɗi sunansa ba. Kowane watan Janairu ana zaɓen yaro ɗaya ya hau mumbari ya kawo jawabin da ka, iyaye mata suna kaɗa kai suna cewa amin. Ni na haddace shi tun ina firamare, amma ba a taɓa zaɓata ba, don da zarar mutum uku sun zuba mini ido sai muryata ta shige ciki. Kaka Idella, mahaifiyar babana, tana cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka ji jawabin da kunnensu a Washington. Ita kaɗai ce kuma ba ta cewa amin. Sai ta zauna a layin gaba da hularta mai faɗi, ta ɗora hannu bisa jaka, ta kafa wa bango ido har a gama.

Abu na biyu da kowa ya san ta da shi, ba ta yar da kwalin takalmi. A zamanin ƙuruciyarsu, baƙar fata in zai yi tafiya da guzurinsa yake tafiya, don ba gidan abincin da zai bar shi ya zauna. Sai a shimfiɗa takarda a kwalin takalmi, a jera soyayyar kaza, dafaffen ƙwai, yankan kek, da gishiri a ɗan ƙulli, a ɗaure da zare. Kowa ya daina tun kafin a haifi babana. Ban da Kaka. Ko asibitin Montgomery za mu je sai ta haɗa kwalinta, kuma komai bibbiyu take sawa. In muka tsaya cin abinci a hanya, a mota take zama.

"Mama, zamanin nan ya wuce fa," in ji babana. "Ko'ina kika shiga za a karɓi kuɗinki da murmushi."

"Na ji. Miƙo min zaren can."

A bazarar da jawabin ya cika shekara sittin, coci ta ɗauki hayar bas zuwa Washington. Kaka ce ta fara cewa za ta. Babana ya yi ta faɗa a kan ciwon sukarinta da ƙafafunta da ke kumbura, ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Nobie za ta raka ni. Ita ba ta da surutu." Shi ke nan aka gama magana.

Ana gobe tafiya, da la'asar, ina kicin ina ɓare mata ƙwai tana suya. Ba ta juyo ba ta ce, "Kin san Lemuel?"

Na san sunan. Yayanta ne, hotonsa na ajiye a saman talabijin ɗinta, saurayi mai kunnuwa a buɗe. An ce mana ya rasu da ƙuruciya, ba a taɓa cewa komai bayan haka ba.

"Tare muka je," ta ce. "Ina da sha tara. Shi yana aiki a injin katako, ya tara kuɗi ya sayi sabon takalmi don tafiyar, wai ba zai je gaban gwamnati da tsohon takalmi ba. A kwalin takalmin nan nasa innarmu ta zuba mana guzuri. Takalmin kuwa ya matse shi kamar me. Rabin jawabin nan da kuke haddacewa, Lem ƙafarsa na cikin ruwan tafkin filin taron ya ji shi, takalmi a rataye a wuya."

Ta yi 'yar dariya, ta juya cinyar kaza.

"Amma ya ji. Kai, ya ji. A bas ya hana kowa barci. Da gari ya waye muka tsaya a Carolina ta Kudu, wani gidan abinci a bakin hanya mai jan rufi. Mu duka muka nufi tagar gefe, inda ake miƙo wa baƙar fata kofi, kamar yadda muka saba. Sai ya ja hannuna. Ya ce, Della, ba ki ji mutumin jiya ba? Mu da su teburi ɗaya, ya ce. Zo mu shiga mu zauna, a kawo mana kofi a kofin tangaran. Na ce, Yaya, ka rufa mana asiri. Ya ce, to matsoraciya, riƙe min kwalin. Zan kama mana kujeru biyu, in kin ga na ɗago hannu ki shigo."

Mai ya yi ta ƙara a kasko. Na riƙe ƙwan da ke hannuna ban ɓare ba.

"Akwai 'yar ƙararrawa a saman ƙofar. Na ji ta kaɗa. Ina kallonsa ta gilashi, ya ja kujera ɗaya, ya kai hannu zai ja ta biyu. Bai kai ga ɗago hannun ba. Ta baya Turawan wurin suka fitar da shi, suna dukansa da ƙotar gatari. Muka kawo shi gida a kwance a kujerar baya. Ya rayu har kusan Kirsimeti, amma bai ƙara gane kowa ba. Ba a kama kowa ba, ba a ma tambayi kowa ba."

Ta kwashe kazar, ta kashe wuta.

"Ba jawabi zan je saurare ba, Nobie, na ji na asali. A hanyar dawowa zan shiga wurin nan ta ƙofar gaba, in zauna, a kawo min kofi. Daga nan Ubangiji ya ɗauke ni duk ranar da ya ga dama. Duba min a wayar nan taki ko yana nan."

Ta gaya mini sunan garin da lambar hanyar. Na duba. Yana nan. An sake masa suna, an sake masu shi ban san sau nawa ba, amma rufin har yanzu ja ne. Da na nuna mata hoton ba ta karɓi wayar ba, ta dai leƙa daga nesa, ta ce, "Kada ki gaya wa ubanki."

A bas kusa da mu Goggo Ollie ce ta zauna, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata. Ba danginmu ba ce, amma duk yaran coci haka muke kiranta. Ita ma ta yi waccan tafiyar, tana kan layin taga ranar. Bakinta ba ya hutawa, kuma direbanmu Cleophus, wani dattijon coci mai sanƙo, shi ta sa a gaba.

"Cleo, tuƙi kake ko gawa muke rakawa? Mu da muka taka da ƙafa a zanga-zangar Selma mun fi ka sauri."

"'Yar'uwa Ollie, ke da na sani ko bakin titi ba ki tsallakawa sai an riƙe ki."

"Kai dai ka riƙe sitiyari, ba ni ba. Maza uku na binne, ba na neman na huɗu mai sanƙo."

Bas ta ɗauki dariya. Da ta ga kwalin a cinyar Kaka sai ta ce a hankali, "Della, har yanzu?"

"Har yanzu."

Ba zan ɓata muku lokaci da Washington ba, kun gani a talabijin. Rana ta yi zafi, masu jawabi suka yi ta hawa suna sauka, kowa yana cewa mafarkin bai cika ba, a ci gaba da tafiya. Ana sayar da riguna da hoton mai jawabin. Kaka ta sa na tura ta a keken guragun da muka yi haya har bakin tafkin, ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta yi gyangyaɗi. Ba ta buɗe kwalin ba. Biskit ɗin da na ba ta saboda sukarinta kawai ta ci.

Washegari a hanyar dawowa rigima ta tashi. Wurin ba a kan babbar hanya yake ba, sai an ratse, kuma Cleophus ya ce shi ba zai ratse ba, kamfanin bas ya ba shi lokaci.

"Akwai wuraren cin abinci masu kyau a gaba, 'yar'uwa Idella. Me za ki yi da wani tsohon shago a daji?"

Goggo Ollie ce ta miƙe, ta dafa kujeru har gaba, ta sunkuya ta yi masa magana a kunne. Ban ji me ta ce ba. Na dai ga ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa, da muka iso mararraba ya kunna sigina.

Rana ta karkata muka isa. Kaka ta gyara hularta, ta shafa hoda, ta sa farar safar hannunta na zuwa coci. Ta ƙi keken. Da sanda a hannu ɗaya, kwali a ɗaya, ni ina riƙe da gwiwar hannunta, muka sauka. Mutanen bas ba su san dalili ba, suka biyo mu suna miƙa suna tambayar ina banɗaki.

Tafiyar daga bas zuwa ƙofar ba nisa, amma mun daɗe. Tana tsayawa tana numfashi. A wani wuri kusa da kusurwar ginin ta tsaya ta dubi ƙasa, ta ce, "Nan nake tsaye ranar." Sannan muka ci gaba.

Ta miƙa mini sandar, ta kama marfin ƙofar da hannunta, ta ja. Bai buɗe ba. Ta tura. Bai buɗe ba.

Sai a lokacin na ga takardar da aka manna a gilashin, rana ta kusa cinye rubutun. Ba a zama a ciki, a zagaya ta taga. Na leƙa. Duk kujerun an kife su a kan tebura, ƙafafu a sama, kwalayen kofunan takarda jibge a lungu. Wayata ba ta nuna mini wannan ba.

"Me aka rubuta?" in ji Kaka. Ta bar tabaranta a bas.

Goggo Ollie ta karanta da ƙarfi, ta ce, "Kan uba," ta nufi gefen ginin, muka bi ta. Tagar tana nan inda take, an dai faɗaɗa ta. Wani Bature mai jan wuya yana zaune a motar ɗaukar kaya yana jiran a miƙo masa nasa. A ciki wata yarinya Baturiya ce, ba ta fi ni da yawa ba, da tsohon ciki, gumi ya jiƙa mata gashi. An rubuta Kaylee a ƙirjin rigarta.

"Ke 'yar nan, zo ki buɗe mana ƙofa, tsohuwa za ta zauna."

"Ku yi haƙuri, Mama. Tun lokacin annobar korona aka rufe ciki, ba mu da ma'aikata. Ni kaɗai ce da mai suya. Kowa ta taga yake karɓa."

"Kowa?"

"Kowa, Mama."

Goggo Ollie ta dubi Baturen da ke mota, ta dubi tagar, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango. "Della, kin ji? An daidaita mu! Ba su shigar da mu ba, su ne suka fito waje!" Wasu daga cikin mutanenmu suka taya ta. Ta ci gaba da dariyar ita kaɗai bayan kowa ya daina, har dariyar ta koma wani abu daban, ta toshe baki da hankici.

Kaka ta rungume kwalin a ƙirji. Ban taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba, kamar an zare mata ƙashin baya. Ta ce, "Mu tafi, Nobie. Mun makara."

Na san ba za ta sake yin wata tafiya ba. Ita ma ta sani.

Ban san yadda aka yi ba, na dai ga na jingina ta da Goggo Ollie, na tsaya a gaban tagar. Mutum ya fi ashirin a bayana. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Yarinyar ta ce, "Me za a ba ki?"

"Yayanta," na ce. Ban ji muryata ba, na sake. "Yayanta ya shiga nan. Da daɗewa. Suna dawowa daga Washington, daga wurin jawabin. Ya je ya kama musu kujera." "Ya ce ta jira shi a waje. Sai aka, sai suka fitar da shi ta baya. Bai warke ba. Ita tun ranar ba ta taɓa zama a irin wurin nan ba. Kofi kawai take so. A zaune."

Duk jawabin da ke cikin kaina, iyakar abin da na iya faɗa ke nan, kuma ƙasa nake kallo.

"A nan?" in ji Kaylee. "Wannan ginin?"

Na gyaɗa kai.

"A garin nan aka haifi kakata. Ba ta taɓa faɗa mana ba." Ta leƙo ta dubi Kaka, da hularta da safar hannunta da kwalinta. Ta ɗaga ido ta dubi kyamarar da ke saman kanta. "Manaja zai kashe ni," ta ce, kamar da kanta take magana. Ta miƙa wa Baturen ledarsa, ta rufe tagar. Na ɗauka shi ke nan. Can sai muka ji ƙarar makullai daga gaba.

Da ƙofar ta buɗe wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa a sama. Ban sani ba ko ita ce ta da. Kaka ta zabura har sandar ta faɗi. Goggo Ollie ta ɗauka, ta juya ta tare ƙofar da jikinta. "Ba wanda zai shiga. Cleo, kwashe garkenka ku koma taga."

Ciki yana warin sabulun goge ƙasa. Kaka ta dudduba, ta nuna wani teburi a jikin gilashi. Kaylee ta sauke kujera ɗaya, ta goge da gefen rigarta.

"Biyu," in ji Kaka.

Ta sauke ta biyu. Na zaunar da Kaka, na zagaya zan zauna a ɗayar.

"Ba taki ba ce, Nobie."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ja da baya, na tsaya kusa da kwalayen kofuna. Kaylee ta kawo kofi biyu a kofin takarda.

"Ba ku da na tangaran, 'yata?"

"Babu, Mama. Ban taɓa ganin irinsa a nan ba."

"To. Ba komai. Je ki zauna ke ma, ƙafafunki sun kumbura kamar nawa."

Kaka ta cire safar hannunta, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance zaren. Duk tsawon rayuwata a cinyarta nake ganin kwalin nan, a cikin mota, ban taɓa ganinsa a kan teburi ba. Ta shimfiɗa takarda a gabanta, ta shimfiɗa wata a gaban kujerar da ba kowa. Cinya ɗaya nan, ɗaya can. Ƙwai ɗaya nan, ɗaya can. Kek ɗin ya farfashe a hanya, ta tattara da yatsa, ta tura babban ɓangaren can. Ta buɗe ƙullin gishiri a tsakiya.

Ta ɗaga kofin da hannu biyu, ta kurɓa. Ta daɗe da shi a baki kafin ta haɗiye.

"Ruwa-ruwa ne, Lem," ta ce. "Na innarmu ya fi."

Ta sake kurɓa. Ba ta yi kuka ba, ni dai ban gani ba. Sai ta juya ta dubi waje ta gilashi. Ba bas ɗin take kallo ba, ba kuma mutanenmu da suka taru suna leƙe ba. Kusurwar ginin take kallo, daidai inda ta nuna mini ɗazu, inda ta tsaya jiran hannun Lem, wurin da babu komai sai tsagaggen siminti da ciyawa. Ta ɗago hannu a hankali, ta riƙe shi a sama.

Mutanenmu suka ɗauka su take gaisarwa. Suka ɗaga mata hannu, wasu suka yi tafi, wayoyi suka fito ana ɗaukar hoto. Wata ta ce amin. Goggo Ollie ce kaɗai ba ta ɗaga ba, ta juya baya tana kallon hanya. Kaka ba ta sauke hannun ba.

Na ga ba ni da abin yi a wurin. Kaylee tana zaune a kan kwali ta sunkuyar da kai, kowa a waje idonsa na kan gilashi. Na bi jikin bango har ƙofa, na yi ɗage na kama harshen ƙararrawar da yatsa biyu don kada ta kaɗa, na buɗe kaɗan, na zame ta bayan Goggo Ollie. Na zagaya bayan mutane na shiga bas, na wuce kujerar ƙarshe, na ɗauki littafina na buɗe a kan fuskata.